Allura Tara a Bayan Baba

Wata huɗu ke nan rabon Alhaji Dalhatu da riga.

Mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana firinsifal, wanda ko bakin ƙofa zai leƙa sai ya zuba shadda mai sitaci ya kafa hula, yau ga shi a ƙuryar ɗakinsa a unguwar Federal Low-Cost ta Gombe, daga shi sai zane a ƙugu. An kashe fanka, an rufe taga. Ko iska ce ta shafi gefensa na hagu sai ya ji kamar an watsa masa tafasasshen mai.

Da ƙuraje abin ya fara. Suka jeru daga tsakiyar baya, suka zagayo zuwa ƙasan ƙirji, gefe guda kawai. Dokta Olivia da ke duba shi a asibiti ta ce ƙwayar cutar ƙarambau ce da ya yi yana yaro, ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, yanzu ta farka. Ƙurajen suka bushe cikin wata guda, amma ciwon ya ce yana nan daram.

Wannan bayanin likita ke nan. Goggo Iklima, yayar Alhaji, tana da nata, kuma tun daga Tudun Wada ta ɗauko shi da safiyar nan a motar ɗanta Abdulhamid, ta zo ta sauke shi a tsakiyar falo.

"Jifa ne," in ji ta. "Ku lissafa mana. Ranar Asabar aka mayar wa mutanen Barnon nan da goronsu na neman aure. Mako uku cif, sai ga ƙuraje. Ni ba yarinya ba ce."

Lubna ta ajiye mata kofin shayi a gabanta. Ita ce 'yar Alhaji ta fari, shekararta ashirin da takwas, tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Tun rasuwar mahaifiyarsu gidan yake hannunta, yanzu kuma jinyar ma ita ce.

"Goggo, in jifa ne ke kawo ƙurajen nan, wa ya jefi matar liman? Ita ma ta yi su bara."

"Ji min yarinya! Ina magana kina magana?"

Abdulhamid ya gyara zama yana kaɗa makullin mota a yatsa. Shekara uku yana son Lubna, shekara uku tana ce masa ya nemi wata, amma bawan Allah kullum sai ya dawo da sabon turare kamar ranar ya fara.

"Lubna, ki bi a hankali," ya ce. "Mutumin nan naki fa allura yake soka wa mutane wadda ko ɗigon magani babu a ciki. A wajenmu wanda ke soka allura ba magani, sunansa daban."

"A wajenku wanda aka ce ba a so sau uku, kuma ya ci gaba da zuwa, shi mene ne sunansa?"

Makullin ya daina kaɗawa. Goggo ta rafka salati. Lubna ta ɗauki tire ta wuce abinta.

Wanda ake maganar a kansa Abatcha ne. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shigo Gombe cikin 'yan gudun hijirar Bama, da silifas a ƙafa, da mahaifiyarsa a gefe. A nan ya yi karatu har ya zama likitan gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, daga baya ya ƙaro kwas na allurar China, wadda ake kafawa a jiki don rage ciwo. Ya buɗe ɗan asibitinsa a unguwar Nasarawo.

Da kawunsa Madu ya kawo goron neman auren Lubna, Alhaji bai zage su ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi shi ba ya ba da 'ya sai ya aika an yi bincike a gidan su yaro, an tambayi maƙwabta waye kakansa. Kawu Madu ya ce gidan ya zama toka, maƙwabtan kuma sun watsu a duniya. Alhaji ya ce to sai haƙuri. Kawu Madu ya ɗauki goronsa, ya ce za su dawo.

Lubna ta yi sallama ta shiga ɗakin mahaifinta da kunun safe. Yana zaune a bakin gado, ya ɗan ɗaga hannun hagu don kada ya goga jikinsa. Ta ajiye kunun ta shiga gyaran ɗaki. Tana kai hannu saman kwaba ta bugo wata tsohuwar hularsa, hular ta faɗo, sai ga ƙwayoyin magani sun watsu a ƙasa. Sun fi arba'in.

Ta tsaya tana kallonsu. Kullum safe da yamma ita ke ba shi a hannu, kullum sai ya ce ta je zai sha.

"Baba, tun yaushe?"

Ya kau da kai. "Tattara ki zubar."

"Mako uku kana kwana kana tashi cikin azabar nan, maganin yana cikin hula?"

"Kin san ko wace ƙwaya ce wannan? A hannun ɗalibaina na sha ƙwace irinta. Na kori yara sun fi talatin saboda ita. Na sha ta kwana uku, na yi gyangyaɗi ina tsakiyar La'asar, na miƙe ina tangaɗi ina dafa bango. So kike a ce Dalhatu ya tsufa ya zama ɗan ƙwaya?"

"Su don maye suke sha, Baba. Kai likita ce ta rubuta maka, da awo. Kuma ta ce in ta sa ka barci a gaya mata ta gyara. Ta ce a haɗa da allura, in biyun sun karɓe ka ta yiwu ta rage ƙwayar. Har takarda ta rubuta. Ina takardar?"

Ta san abin da ya sa ya ɓoye ta. A duk waɗanda Dokta Olivia ta sani a garin nan mutum ɗaya ne ke yin allurar, kuma sunansa ta rubuta a kai.

Sai ciwon ya taso masa. Lubna ta ga yadda ya ƙanƙame zanin gado, ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ta juya masa baya, don ta san ba ya son a gani. Da abin ya lafa sai ta ji muryarsa a shaƙe.

"Ki ce ya zo."

Ta juyo da sauri.

"Amma da sharaɗi. Ki ji ni da kyau. Ni Bafulatani ne, ranar da aka binne uwarki ba wanda ya ga hawayena. Wannan ciwon yana sa ni kuka. Duk wanda zai taɓa wurin nan sai ya gan ni ba riga, sai ya ga hawayena. Likita yana iya gani. Suruki ba ya gani. In zai shigo ɗakin nan, sai ya faɗa da bakinsa, a gaban Adda Iklima, cewa ya janye daga nemanki har abada. In ba zai iya ba, ya zauna a Nasarawonsa, ni kuma in zauna da ciwona."

"Baba, wannan ba adalci ba ne."

"Ban ce adalci ba ne. Na ce sharaɗi ne."

Ko mayafinta ba ta gama yafawa ba ta tare keke. Har suka isa Nasarawo tana share hawaye da gefen mayafi, mai keken yana satar kallonta ta madubi.

Ta tarar da Abatcha yana rako wata tsohuwa mai sanda zuwa bakin titi. Dogo ne, siriri, mai magana a hankali kamar kada ya tashi wani daga barci. Yana ganin idonta ya buɗe mata ƙofar ofis ya bar ta a buɗe, ya ja kujera nesa kaɗan ya zauna.

Ta zayyana masa komai, tun daga hular har sharaɗin.

"Mako uku ba magani," ya ce. "Innalillahi."

"Abin da ka ji ke nan? Ba ka ji an ce ka bar ni ba?"

"Na ji."

"To ka ce wani abu mana!"

"Me zan ce, Lubna? Mahaifinki yana ƙonewa, abin da zai iya rage masa yana cikin akwatin can."

"Sai in nemo wani. Akwai a Jos, akwai a Abuja."

"Mutumin da ba ya iya sa riga, shi za ki ɗora a mota zuwa Jos? Sau biyu kowane mako?"

Ta fashe da kuka. "To sayar da ni za ka yi ke nan. Shekara biyu ina faɗa da dangina a kanka. Goggo ta daina amsa gaisuwata wata shida, an kira ni mara kunya, an ce an yi min asiri. Ban taɓa ja da baya ba ko taku ɗaya. Kai daga gwaji ɗaya za ka saki?"

"Ki saurare ni," ya ce. "Ranar da muka baro Bama da ƙafa, babana yana da ciwo a ciki. Kwana biyu yana ihu a daji. Ba ni da komai, ko ƙwaya ɗaya. Hannunsa kawai na riƙe har ya cika. Don haka na karanci abin da na karanta. Ba na iya kallon tsoho yana shan azaba, Lubna. Komai zan iya, ban da wannan."

Ta san labarin, amma bai taɓa faɗa mata shi da ido jajur haka ba. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai sake ta ba.

"Ka zo ka yi masa," ta ce tana jan hanci. "Amma kada ka furta. Ka ce za ka yi allurar ba sharaɗi. Baba yana da taurin kai, amma ciwon ya fi shi. Zai yarda. Ka yi min alƙawari ba za ka furta ba."

"Zan yi iyakar ƙoƙarina."

"Ba ƙoƙari na tambaye ka ba."

Ya rufe ido. "Na yi alƙawari."

Bayan La'asar ya iso da 'yar jakarsa. Ya cire takalmi tun a baranda, ya durƙusa ya gai da Goggo Iklima, ta amsa da hanci. Abdulhamid ya yi masa jagora zuwa ɗakin Alhaji, Goggo ta bi su. Lubna ta tsaya a bayan labule, inda take hango komai ta gefe.

Baba ya sa riga. Babbar riga fara, da 'yar ciki, mai sitaci har tana ƙara, ga hula a ka. Yana zaune a kujera a miƙe kamar ranar taron iyayen yara. Gumi yana zuba daga ƙasan hular, hannayensa sun damƙe hannun kujera.

Abatcha ya durƙusa daga bakin ƙofa. "Baba, ina wuni. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ta gaya maka sharaɗina?"

"Ta gaya min. Ka gafarce ni, Baba, ba zan iya wannan alƙawarin ba. Amma allurar ba ta da sharaɗi. Ka bari in yi maka don Allah, in na gama in tafi."

Goggo ta ja tsaki. "Kun ji ko? Ya sa ciwo, ya zo da magani, kuma yana son yarinya."

Alhaji ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ta yi shiru. Ya dubi Abatcha.

"Ba zan cire rigar nan a gaban mai neman 'yata ba. Kuma ba zan kore ka ba, baƙo ne kai. Zan zauna a haka har ka iya."

Ni dai in an tambaye ni, ban taɓa ganin mugun makami irin wannan ba, mutum ya ɗauki ciwon kansa ya ɗora a wuyan wani. Alhaji kuwa ya san abin da yake yi sarai.

Minti biyar suka wuce. Abatcha yana durƙushe, kansa a ƙasa. Lubna tana ta maimaitawa a ranta, kada ka ɗago, kada ka kalle shi.

Sai ciwon ya taso. Alhaji ya zabura, rigar ta goge shi, ya saki wani irin nishi da Lubna ba ta taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Hular ta karkace. Hawaye suka gangaro har cikin gemunsa, kuma duk da haka bai saki kujerar ba.

Abatcha ya ɗago. Kallo ɗaya ya yi.

"Na janye!" ya ce da ƙarfi. "Na janye, Baba, na haƙura da ita har abada. Don girman Allah a cire masa rigar nan!"

"Alhamdulillahi," in ji Goggo. "Abdulhamid, ka zama shaida."

Lubna ta dafa bango. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Abin da ta ji ba baƙin ciki ba ne kawai, fushi ne. Maza biyu da take so a duniya sun gama ciniki a kanta, ba wanda ya waiwayo labulen.

Abdulhamid ya taimaka aka zare rigar. Aka kwantar da Alhaji a gefen dama, fuskarsa ga bango. Abatcha ya wanke hannu, ya goge bayan da auduga a hankali, yana kauce wa tabon. Idonsa cike yake da ruwa.

"Baba, in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Allurar nan ita kaɗai ba za ta isa ba, sai an haɗa da maganin Dokta. Kuma ba na ce yau za ka warke ba. Wasu suna jin sauƙi da wuri, wasu sai an yi ta yi."

"Yi aikinka."

Ya ɓare sababbin allurai daga takardarsu, sirara kamar gashin wutsiyar doki. Bai soka ko ɗaya a kan tabon ba, zagaye shi ya yi, wasu sama, wasu ƙasa, wasu kusa da ƙashin baya. Goggo ta miƙo wuya tana jiran jini ko ihu, ba ta sami ko ɗaya ba. Tara ya kafa.

"Minti ashirin, Baba. Kada ka motsa, kada ka juya, har sai na cire."

Wannan maganar ce Lubna ta ji. Ta je kicin ta ɗebo ruwa a kofi, ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta dawo ta ɗaga labulen.

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta dafe ƙirji. "Ɗaki ɗaya da ubanki da saurayinki? Ina kunyarki?"

"Wane saurayi, Goggo? Ba kin ji ya janye ba? Likita ne."

Ta wuce ta durƙusa a wajen kan mahaifinta, ta ajiye kofin da ƙwayar a kan tebur.

"Fita, Lubna," in ji Alhaji, fuskarsa na ga bango.

"Ka gafarce ni, Baba, ba zan fita ba. Tun ina ƙarama, duk lokacin da na fara maganar da ba ka so sai ka tashi ka ɗauki buta. Yau ba inda za ka. Minti ashirin likita ya ce."

Abdulhamid ya matso. "Kawu, in fitar da ita?"

Ta ɗago ta dube shi. "Taɓa ni ka gani."

Ya koma inda ya fito.

"Baba," ta ce, hawayen suka ɓalle, amma muryarta ba ta karye ba. "Ni na yi maka jinya wata huɗu. Ni na kashe fanka, ni nake juya baya in ciwon ya taso don kada ka ji kunya. Ba wanda ya kai ni son ka warke. Amma abin da ka yi yau ban taɓa zaton za ka yi ba. Ka san ba zai iya kallonka a haka ba, shi ya sa ka sa rigar. Da ciwonka ka kama shi."

"Ke! Ubanki kike gaya wa haka?" in ji Goggo.

"Ka ce ba ka ba da 'ya sai ka yi bincike. An ƙone garinsu, laifinsa ne? Maƙwabcin da kake nema ya gaya maka halinsa, me zai gaya maka wanda ba ka gani yanzu ba? Mutum ya bar abin da ya fi so don a cire maka riga. Wane kaka ne zai ba da shaidar da ta fi wannan?"

Ta juya ga Abatcha, wanda ya kasa haɗa ido da ita. "Kai kuma da safe ka yi min alƙawari, da yamma ka karya. Zan zo kanka, ba yau ba. Amma wa ya gaya maka kana da ikon haƙura da ni? Kaya ce ni da ka ajiye?"

"Lubna, ki yi haƙuri," ya ce can ƙasa.

"Ban haƙura ba." Ta koma ga mahaifinta. "Shi ya janye, Baba, kun ji, kun shaida. Ni ban janye ba. Kai ka koya min cewa Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, ita ta aika neman aure, kuma ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. To ni ma yau na shigo da nawa neman. Ba zan gudu ba, ba zan yi aure ba sai da izininka. Amma ba zan auri Abdulhamid ba, ba zan auri kowa ba. Ko shi, ko in tsufa a gidan nan ina dama maka kunu."

Abdulhamid ya ɗauki makullinsa ya fice ba sallama. Goggo ta bi bayansa da ido, ta juyo tana huci.

"Dalhatu, kana kwance kana ji? Wannan tarbiyyar ka yi?"

Alhaji ya yi magana a hankali. "Cire allurar nan."

"Baba, saura lokaci," in ji Abatcha.

"Na ce ka cire. Gara ciwon da wannan."

Abatcha ya ce, "Jikinka ne, Baba. In ka ce a cire, zan cire." Ya matso ya kai hannu ga ta farko.

Lubna ta ji kamar ta faɗi ta riƙe ƙafar mahaifinta ta ce ta janye ita ma. Idan aka cire, ita ta jawo, ita ta mayar da shi cikin wutar. Bakinta har ya buɗe. Ta runtse ido, ta haɗiye.

"Cire, tunda ya ce," ta ce tana kuka. "Amma Baba ka sani, da allura ko ba allura, maganata tana nan. In an cire, kai ka rasa sauƙi, ni ban canza ba."

Yatsun Abatcha suka kama allurar.

"Tsaya," in ji Alhaji.

Kowa ya tsaya. Kafaɗar Alhaji, wadda wata huɗu take a ɗage, Lubna ta ga ta ɗan sauko. Ko allurar ce, ko kwanciyar, ko gajiya, ita dai ba ta sani ba.

"Saura minti nawa?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Sau nawa zan yi wannan abin?"

"Sau biyu a mako, mako shida, tare da maganin. Sannan mu koma wa Dokta ta duba."

"Sau goma sha biyu ke nan zan kwanta, ita tana tsaye a kaina tana min huɗuba."

"Ko ɗaya ba zan fasa ba, Baba," in ji Lubna.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba a san ko tari ba ne ko dariya. Goggo ta yafa mayafinta a fusace.

"Dalhatu, an yi alƙawari a gabana. Na shaida."

"Na ji, Adda. Ni na karɓa, ni zan mayar." Ya ja numfashi. "Kai, yaro. Bar allurarka inda take. Alƙawarin da ka yi na warware shi. Kada ka yi murna, ba don kai ba ne. Ban taɓa ƙwatar abu a hannun mutum ina kwance ina kuka ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Ka yi aikinka. Ranar da na miƙe na koma masallaci da ƙafata, ka turo kawunka, in hana ku a tsaye."

Goggo ta fice tana salati. Abatcha ya durƙusa a inda yake, ya rufe fuska da tafin hannu.

Lubna ta share idonta da bayan hannu. Ta ɗauki ƙwayar ta sa a tafin mahaifinta, ta rufe yatsunsa a kanta, ta riƙe ba ta saki ba.

"To da an cire allurar ka sha maganinka a gabana, Baba, ka miƙe da wuri," ta ce. "Muna nan zuwa, ka hana mu a tsaye."